Ga Malamar Asibitin da Za Ta Tafi Horon Hafsoshi

Wasiƙa ta zo mini daga wata malamar asibiti a nan birnin Sakkwato, wadda ta yi karatun jinya har ta sami digiri, ta yi hidimar ƙasa, ta kuma shekara uku tana aikin dare da rana a ɗakin gaggawa. Ta ce sunanta ya fito cikin waɗanda rundunar sojan ƙasa ta ɗauka ta hanyar da ake kira DSSC, watau ƙofar da likitoci da ma'aikatan jinya da lauyoyi da injiniyoyi ke bi su zama hafsoshi, kuma saura mata mako goma ta kama hanyar Jaji, inda makarantar sojan ƙafa take tsakanin Zariya da Kaduna. Abin da ta tambaya shi ne waɗanne littattafai za ta saya ta yi bita kafin ranar tafiya. Da yake akwai 'yan'uwanta da yawa masu irin wannan niyya, wasu za su Onne ta Jihar Ribas wajen sojan ruwa, wasu Kaduna wajen sojan sama, na ga ya kyautu in amsa mata a fili.

To ɗiyata, ajiye maganar littattafai tukuna. Ilmin jinya da shi aka ɗauke ki, an riga an duba takardunki da lasisinki na Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma an gamsu, kuma a watannin da za ki yi can ba wanda zai tambaye ki yadda ake sa ƙarin ruwa. Abin da za a nema gare ki abu biyu ne, ƙafa da haƙuri, kuma dukansu ba a samunsu a daren tafiya.

Ma'aikacin jinya yakan ruɗi kansa da cewa shi mai ƙarfi ne, domin yana wuni a tsaye, yana ɗaga majinyaci, yana kai da kawowa tsakanin gadaje har ƙafa ta kumbura. Alhali tsayuwar asibiti daban take da gudun asuba cikin sahu, da fareti bisa tsandauri cikin takalmi mai nauyi, da tafiyar rawar daji da jaka a baya da bindiga a hannu. Kin san daga karatunki cewa zuciya da huhu suna sabawa da wahala cikin 'yan makonni, amma ƙashi da jijiya ba su da wannan sauri, saboda haka wanda ya shekara bai yi gudu ba, sa'an nan ya tashi rana ɗaya ya ce zai rama, numfashinsa zai ba shi izini, ƙashin ƙwabrinsa kuwa ya tsage a hankali, har a wayi gari ba ya iya taka ƙasa. Da yawa daga masu zaman jinya a lokacin horo wannan ne sanadinsu, kuma mata sun fi shiga haɗarinsa, musamman mai ƙarancin jini ko wadda ke ƙuntata wa kanta abinci.

Maganin abin shi ne bi da tadriji. Mako biyu na farko ki wadatu da tafiya mai sauri ta rabin sa'a bayan sallar asuba, ko a filin wasa na Giginya ko a kan wata hanya mai mutane kusa da gida, tare da ɗan'uwa ko abokiyar aiki. Daga nan ki riƙa haɗa gudu da tafiya, minti biyu wannan, minti biyu wancan, kina ƙara kaɗan kowane mako, kina barin rana guda tsakani domin jiki ya gina abin da aka rushe. In kin kai ga gudun rabin sa'a ba tsayawa kafin mako na takwas, kin yi abin da ake so. Ki haɗa da motsa hannuwa da ciki da cinya a tsakar gida, ki kuma fara ɗaukar jakar baya mai ɗan nauyi a tafiyar ƙarshen mako. Ranar da kika sauko daga aikin dare kuwa, barci ya fi miki gudu.

Maganar takalmi ƙarama ce a baki, amma ni ta taɓa kwantar da ni. Na tafi nawa horon da sabon takalmi fil, ban taɓa sa shi ba sai ranar farko, ina ta murnar ƙyallinsa. Kafin kwana uku dundunniyata ta yi bororo, bororon ya fashe, safa ta manne da nama, har sai da na jiƙa ta da ruwan ɗumi kafin ta fita, ga shi kuwa ba a ɗaga wa kowa fareti saboda bororo. Ki nemi takalmi mai tauri irin na soja tun yanzu, ki riƙa tafiyar safe da shi har ƙafarki ta yi kanta, ki tanadi safa masu kauri da yawa da filasta, ki yanke farce.

Mu mutanen Sakkwato muna alfahari da jure zafi, tun da a watan Afrilu ma'aunin zafi yakan haura digiri 40, amma jure zafi a inuwar darbejiya bai zama jure shi cikin kaki ana tsallen kwaɗo ba. Ki lizimci shan ruwa kafin ƙishirwa ta zo, ki riƙe ƙunshin gishiri da sukarin nan da kike ba yara masu gudawa, ki riƙa duban launin fitsarinki. In kika ga ya koma kamar baƙin shayi bayan gwale-gwale mai tsanani, ga ciwon tsoka da ya wuce misali, kin san fassararsa: nama ne ke narkewa yana toshe ƙoda, kuma wajibi ne ki kai kanki ga likita a ranar, ko da za a ce kin yi ragwanci. Kada kuma ki bi al'adarmu ta ma'aikatan asibiti ta rubuta wa kai magani. Haɗiyar diklofenak a kan jikin da ruwa ya ƙare masa zalunci ne ga ƙoda, taramol kuwa ko kusa da jakarki kada ya zo.

Sai haƙuri, wanda shi ne ya fi wuya. A asibiti ke ce ake kira Sista, masu jinya na miƙe miki, ƙananan ma'aikata na jiran umurninki. Ranar da kika shiga ƙofar makarantar nan duk wannan ya tsaya a waje, za a miƙa ki ga wani saje ko samanja wanda watakila bai yi rabin karatunki ba, ya daka miki tsawa a gaban jama'a saboda maɓalli ɗaya da bai shiga ba, ba ki da amsa sai ƙamewa. Masu digiri da yawa a nan suke karyewa, suna ganin wulaƙanci ne, ba su lura da cewa mutumin nan yana sane da cewa bayan 'yan watanni shi ne zai sara musu in an ɗora musu anini a kafaɗa, don haka yake son ya tabbata wanda zai sara wa ya san ɗacin umurni kafin ya fara bayar da shi.

Akwai ranar da wani abokin horonmu ya yanke jiki ya faɗi muna tsakiyar atisaye, ni kuwa da jinin asibiti a jikina na fice daga sahu ba izini na durƙusa kansa. An kula da shi, ya farfaɗo, ni kuma na sha horo har magariba, ina ta ƙunci a zuci. Sai daga baya na fahimci hikimar: a fagen fama, mai jinyar da ya ruga wurin wanda aka harba tun wuta ba ta lafa ba, ya mai da majinyaci ɗaya biyu, kuma ba sauran mai duba su. Hatta tartibin da kika haddace na fara duba hanyar numfashi, a can za a koya miki cewa jinin da ke tsartuwa daga hannu ko ƙafa shi ake fara ɗaurewa, domin shi ne ke kashe mutum cikin mintoci. Za ki koyi kwance bindiga da haɗa ta, da karatun taswira, da kwana a rami. Kada ki ce ina ruwan nas da wannan, gama rundunar da ke barikin Giginya, hedkwatar Runduna ta 8, dazuzzukan Sakkwato da Zamfara take shiga, kuma ba ta shiga ba tare da masu jinya ba.

Amma kakin ba ya shafe amanar da kika ɗauka tun farko. Yarjejeniyar Janiba ta 1949 ta wajabta a yi jinyar wanda ya ji rauni ba tare da duban ɓangarensa ba, kuma mu ba baƙi ba ne ga wannan aiki, tun daga Rufaida al-Aslamiyya, Allah Ya yarda da ita, wadda aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu hemarta bayan yaƙin Handaƙu, har zuwa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna ribaɗi a Wurno yana jagorancin mayaƙa, ya kuma wallafa littattafai a kan magani.

Kafin ki tafi, ki zauna da malaminki ki yi bitar hukuncin taimama da ƙasaru da shafa a kan huffi da ramuwar azumi, domin larura za ta sa ki bukace su. Bariki na da masallaci da limami, amma daji ba shi da su. Ki sake auna jininki, in ya yi ƙasa ki gyara shi yanzu. In kina da aure, ku yi magana ta gaskiya da maigida a kan juna biyu da renon yara da ƙarancin waya, a kuma sami yardar iyaye da addu'arsu. Takardunki na asali, har da shaidar ƙaramar hukuma da ta hidimar ƙasa, ki haɗa su wuri ɗaya tare da kwafinsu, kuma duk wanda ya nemi kuɗi da sunan zai gyara miki wuri, ɗan damfara ne. Ranar tafiya ki bi motar safe ta tasha, ki wuce Gusau da Funtuwa da sauran rana, kada kuma ki yi ta shelar inda za ki a cikin mota.

Mako goma ya isa in an fara gobe. Ki ajiye takalmin a bakin ƙofa tun daren yau, in kin sallame asuba ki sa shi ki fita. Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo mana da ke da anininki.