Me Ya Sa Jin Turanci Ya Fi Karanta Shi Wuya?

Jawabin kimiyya na wannan mako ya shafi wata matsala wadda ta dami Hausawa da yawa mazauna ƙasashen waje, musamman waɗanda neman ilimi ko neman abinci ya kai su Ingila ko Amurka. Mutum ya yi shekaru yana koyon Turanci a makaranta, yana karanta jarida, yana rubuta takardar neman aiki ba kuskure. Amma ran da ya kama aiki a asibiti, ko masana'anta, ko tashar jirgin ƙasa, abokin aiki ya yi masa magana, sai ya ji kamar an watsa tsakuwa a bisa rufin kwano. Da za a rubuta masa maganar nan, da ya gane kowace kalma. Da yawa su kan ɗauka ƙarancin iliminsu ne ya jawo haka, kunya ta kama su, su gyaɗa kai su ce "yes" alhali kuwa ba su ji kome ba. Masana kimiyyar sauti sun daɗe suna binciken al'amarin, sun kuwa tabbatar da cewa karatu da ji ayyuka ne biyu dabam, kowanne da irin horon da ya ke bukata.

Dalili na farko shi ne, harshen da aka haifi mutum a cikinsa shi ya ke sassaƙa kunnensa. A shekarar 1984 waɗansu masana biyu na ƙasar Kanada, Janet Werker da Richard Tees, suka bayyana sakamakon wani gwaji da suka yi da jarirai waɗanda Turanci kaɗai a ke yi a gidajensu. Aka koya wa kowane jariri ya juya kansa in sauti ya sake, a sāka masa da nuna masa abin wasa. Sa'an nan aka riƙa jiyar da su sautuka biyu na harshen Hindi masu kama da "t", waɗanda babban mutum mai jin Turanci kaɗai ba ya iya rarrabewa. Jariran wata 6 zuwa 8 suka rarrabe su sarai. Na wata 10 zuwa 12 kuwa, yawancinsu sun riga sun daina. Watau tun yaro bai yi tafiya ba ƙwaƙwalwarsa ta zaɓi sautukan da za ta kula da su, ta yi watsi da saura.

Wannan shi ya sa Bature mai koyon Hausa ya kan sha wuya kafin ya ji bambancin "kafa" da "ƙafa", ko "baki" da "baƙi". Shi ma Bahaushe haka ya ke da Turanci. A Hausa "p" da "f" ba su rarrabe kalma da kalma, don haka aka sami fetur da fasinja da firamare, don haka kuma "pan" da "fan" su kan yi kama a kunnensa. Wasulan Hausa biyar ne, kowanne da gajere da dogo, sai tagwaye biyu, "ai" da "au". Turancin da a ke koyarwa na kudancin Ingila kuwa yana da wasula kimanin 20, ko da ya ke haruffa biyar ko shida kaɗai a ke rubuta su da su. Kalmomi huɗun nan, "hat" da "hut" da "heart" da "hurt", watau hula da bukka da zuciya da ciwo, kowace da wasalinta dabam, amma kunnen da bai saba ba ya kan zuba su duka a ƙwarya guda. Har wa yau, Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere. Shi ya sa aka tsarma wasali a cikin burodi da direba da buroshi. Turanci kuwa ya kan jera uku a farkon kalma, kamar a "street", ya jera uku ko huɗu a ƙarshe.

Dalili na biyu ya fi na farko girma, shi ne yadda Turanci ya ke raba nauyi tsakanin gaɓoɓin magana. Hausa tana dogara ga hawa da saukar murya da tsawon wasali. Da su a ke rarrabe kukan yaro da itacen kuka, da su a ke rarrabe garin da a ke zama da garin tuwo. Kowace gaɓa tana fita da wasalinta cikakke. Turancin Ingila da na Amurka ba haka su ke ba. A cikin jimla a kan danna waɗansu gaɓoɓi, su fito da ƙarfi da tsawo, sauran kuwa a murƙushe su a wuce da sauri. Wasalin gaɓar da aka murƙushe ya kan koma wani ɗan gajeren sauti maras kama, tsakanin "a" da "e", wanda ya fi kowane wasali yawan fitowa a Turanci, ko da ya ke ba shi da harafi nasa na kansa.

Kalmomin da su ke ɗauke da labari, watau sunaye da aikatau da lambobi, su a kan danna. Ƙananan kalmomi irin su "of" da "and" da "to" da "for" da "was" su a kan murƙushe. Saboda haka "a cup of tea" ya kan fito kamar "akapati", "fish and chips" kuma a ji "and" ta koma "n" kawai. Ban da wannan, a takarda akwai fili tsakanin kalma da kalma, amma a baki babu. In aka duba hoton sautin magana a na'ura, sai a ga kalmomi suna manne da juna kamar ruwan da ke gudu. Ƙarshen wata ya kan narke cikin farkon wata, har "did you" ya zama "dija". Turancin da a ke yi a Ghana da Nijeriya ya fi ba kowace gaɓa haƙƙinta. Wannan ya sa mutumin da ya ke ciniki da Turanci kullum a Kumasi ba tare da wahala ba, ya kan sauka Landan ko Glasgow ya ji kamar wani harshe ne dabam.

To, in haka magana ta ke a murƙushe, yaya su masu harshen su ke ji? Amsa ita ce, su ma ba kowane sauti su ke ji ba. A shekarar 1963 masana biyu na Amurka, Irwin Pollack da J. M. Pickett, suka ɗauki hirar mutane a na'ura, suka yanko kalmomi ɗai-ɗai daga ciki, suka jiyar da masu Turancin haihuwa. Kimanin rabin kalmomin kaɗai aka gane. Da aka riƙa ƙara kalmomin da ke maƙwabtaka da su, sai ganewa ta yi ta ƙaruwa. A shekarar 1970 kuma wani masani mai suna Richard Warren ya cire sautin "s" daga tsakiyar wata doguwar kalma, ya sa tari a gurbinsa. Kusan dukan waɗanda suka saurara suka ce sun ji kalmar cikakkiya, ba su ma iya faɗin daidai inda tarin ya faɗo ba. Watau ƙwaƙwalwa tana cike gurbi da abin da ta sa rai za ta ji.

Akwai darasi babba a nan ga mai koyo. Hirar yau da kullum ta kan kai kalmomi 150 ko fiye a minti ɗaya. Wanda ya tsaya daƙiƙa biyu yana laluben kalma guda da ta kuɓuce masa, ko yana juya ta zuwa Hausa a ransa, kalmomi biyar sun wuce shi kafin ya dawo. Abin da ya fi shi ne ya kama gaɓoɓin da aka danna, ya bar saura su bi. In mai duba aiki ya yi doguwar magana, aka kama "boxes" da "store" da "four", to, an sami kan zancen: akwatuna, sito, ƙarfe huɗu.

Ido ma yana taimakon kunne fiye da yadda a ke zato. A shekarar 1976 Harry McGurk da John MacDonald na Jami'ar Surrey a Ingila suka haɗa hoton majigi na bakin mace tana cewa "ga", suka ɗora masa muryar da ke cewa "ba". Yawancin manyan da suka kalla suka ce "da" suka ji. Da suka rufe ido sai suka ji "ba" sosai. Wannan ya nuna dalilin da magana ta wayar tarho ta fi wuya, gama ba a ganin leɓe. Ga kuma wani dalili. Kunnen saurayi lafiyayye yana jin sauti daga mai kaɗawa 20 har zuwa mai kaɗawa 20,000 a daƙiƙa guda, amma layin tarho irin na dā yana wucewa ne da abin da ke tsakanin 300 da 3,400 kaɗai. Yawancin ƙarfin sautin "s" yana sama da wannan iyaka, don haka "s" da "f" su kan rikice a waya, ko ga mai harshen.

A hirar shan shayi, in kalma ta kuɓuce ba a yi hasarar kome ba. A wurin aiki kuwa abin ya kan kai ga dukiya, wani lokaci har ga rai. Tsakanin "fifteen" da "fifty", watau 15 da 50, bambancin ɗan kaɗan ne a kunne, amma in awon magani a ke faɗa wa mai jiyya, na biyun ya ninka na farkon fiye da sau uku. Haka "can" da "can't" su ke, musamman a bakin Amurkawa, inda "t" ta ƙarshe ta kan ɓace. Alamar da ta rage ita ce, mai nufin iyawa a kan murƙushe ta a tsakiyar jimla, mai nufin kasawa kuwa a kan danna ta.

Masu aikin jiragen sama sun koyi wannan darasi da tsada. Ran 27 ga Maris 1977, a filin jirgin tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, manyan jirage biyu, ɗaya na kamfanin KLM na Holan, ɗaya na Pan Am na Amurka, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo mai kauri, mutum 583 suka rasu. Cikin dalilan da masu bincike suka gano har da rikicewar magana ta rediyo. Babban matuƙin jirgin Holan ya ɗauka an ba shi izinin tashi, alhali ba a ba shi ba. Mataimakinsa ya faɗi wata magana mai harshen damo, mai ba da umurni a hasumiya ya fahimce ta da cewa suna tsaye suna jira. Umurnin dakatawa da ya biyo baya kuma ya yi karo da maganar jirgin Amurka a rediyo, ƙara ta rufe su duka. Bayan wannan aka tsananta doka: ba a ambaton kalmar "take-off" sai lokacin ba da izinin tashi ko soke shi, kuma dole matuƙi ya maimaita muhimmin umurni da bakinsa don a tabbata abin da ya ji. Tun daga 1956 ma a ke da jerin kalmomi na faɗin haruffa, Alfa, Bravo, Charlie, har zuwa Zulu. Daga 2008 kuma hukumar duniya mai kula da jiragen sama na farar hula ta wajabta wa matuƙa da masu hasumiya na hanyoyin ƙasa da ƙasa su kai mataki na 4 cikin matakai 6 na jin Turanci da yin sa.

In matuƙin da ya yi shekaru yana tuƙi ba ya jin kunyar maimaita umurni, to, akawu ko direba ko mai jiyya ba shi da dalilin jin kunya. Maimaitawa ta fi cewa "pardon", gama mai magana ya kan sake faɗin jimlar ne yadda ya faɗe ta da fari. Amma in aka ce masa, "One five, or five zero?", ko aka mayar masa da umurnin a taƙaice, nan take zai ga inda kuskure ya ke, ya gyara. Lamba da suna da adireshi kuwa, a roƙa a faɗe su harafi-harafi, ko a rubuta. Matambayi ba ya ɓata.

Sauran tambaya ita ce ko kunnen babba yana karɓar horo. Yana karɓa. Mutanen Japan su kan sha wuyar rarrabe "r" da "l" na Turanci. A shekarar 1991 John Logan da Scott Lively da David Pisoni na Jami'ar Indiana a Amurka suka horar da waɗansunsu har mako uku, suna jiyar da su kalmomi masu kama da juna daga bakin mutane dabam-dabam, suna gaya musu nan take ko sun yi daidai. Jinsu ya ƙaru. Gwaje-gwajen da suka biyo baya suka nuna cewa wanda aka horar da muryoyi da yawa ya fi wanda aka horar da murya ɗaya gane baƙuwar murya.

Bisa ga wannan, ga hanyar da mai koyo zai bi. Ya sami ɗan guntun magana ta gaske wadda ba ta wuce minti ɗaya ba, mai rubutu tare da ita, irin waɗanda a ke samu a rediyo da intanet. Ya saurara sau biyu ba tare da duban rubutun ba, ya rubuta abin da ya ji. Sa'an nan ya gwama da rubutun, ya ja layi a ƙarƙashin wuraren da suka kuɓuce masa. Galibi zai tarar kalmomi ne da ya sani sarai, an murƙushe su ne ko an manne su da waɗansu. Ya sake saurara yana bin mai maganar da bakinsa, yana danna inda ya danna. Gobe ya sake murya: yau ta mace, gobe ta namiji, yau ta Ba'ingilishe, gobe ta Ba'indiye ko Ba'amurke, gama duka zai gamu da su a wurin aiki. Ya kuma tattara kalmomin sana'arsa ya ji yadda a ke furta su, domin ƙwaƙwalwa ba ta cike gurbi sai da abin da ta riga ta sani. Minti goma sha biyar kowace rana sun fi sa'a biyu a rana ɗaya cikin mako.