Darasi: Neman Taron Masu Barin Giya

'Yan'uwa cikin Almasihu, a Nassarawa GRA katangu dogaye ne, mashayi yakan ɓuya bayansu shekara da shekaru. Amma ɓuya ba ta warkarwa. A 1935, a garin Akron na Amurka, mashaya biyu suka gane cewa faɗa wa juna gaskiya yana tsare su daga kwalba. Nan ne tushen Alcoholics Anonymous. Saboda haka mu tambayi Fada ko katekis a asirce, su haɗa mu da waɗanda suka daina. Mutum biyu ma sun isa taro, muddin abin da aka faɗa bai fita waje ba. Wanda jikinsa ke rawa in bai sha ba, mu kai shi Asibitin Malam Aminu Kano tukuna, gama dainawa farat ɗaya tana iya kisa.