Kanta Da Faso: Reza Ba Magani Ba Ce

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki. Amma in muka duba, a cikin gaɓoɓin jiki babu wadda muke bautarwa kamar ƙafa, babu kuma wadda muke mantawa da ita kamarta. Manomin shinkafa a fadamar Gummi, da mai haƙar zinariya a dajin Anka, da mai tallar fura a kasuwar Bukkuyum, da mu ɗalibai masu takowa makaranta kowace safiya, duk ƙafa ce dokinmu. Don haka ya kamata mu yi nazarin abubuwa biyu da suke damunta, watau kanta da faso.

Kanta ita ce fatar nan mai kauri da tauri wadda take fitowa inda ake yawan gogawa ko dannawa, kamar wadda muke gani a tafin hannun mai noma da fartanya. Jiki ne da kansa yake ƙara kaurin fata a wurin don ya kare naman da ke ƙasa. Iri biyu ce. Akwai mai faɗi wadda take shimfiɗuwa a tafin ƙafa ko dunduniya, ita ba ta cika ciwo ba. Akwai kuma ƙarama mai ƙwaya a tsakiya, wadda take fitowa a bisa yatsa ko tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Ƙwayar nan tana da tsini wanda yake nutsawa cikin nama, shi ya sa mai ita yakan ji kamar ya taka tsakuwa. Faso kuwa shi ne tsagewar dunduniya idan fata mai kauri ta bushe, ya fi kuma tsanani da hunturu.

Kada mu ɗauka kowace kanta cuta ce. A shekarar 2019 wasu masana na Jami'ar Harvard ta Amurka da abokan aikinsu sun gwada ƙafafun mutane a Kenya da Amurka. Suka tarar masu yawo ba takalmi sun fi kaurin kanta, amma duk da haka ƙafarsu tana jin abin da ta taka kamar ta kowa. Ashe kantar da ba ta ciwo garkuwa ce, a ƙyale ta. Wadda take ciwo ko take tsagewa ita ce ke bukatar magani.

Maganin kuwa yana cikin gida, ga yadda ake yi. Da farko a zuba ruwan ɗumi a kwano, a sa ɗan sabulu, a tsoma ƙafa kamar minti 10 har fatar ta yi laushi. Sa'an nan a ɗauki dutsen kaushi a goge wurin sannu a hankali. Kada a ce sai an gama da ita a rana ɗaya. Da an ji zafi a dakata. Bayan haka a ɗauraye, a tsane ƙafa sosai har tsakanin yatsu, a shafa man kaɗanya ko basilin a dunduniya da tafin ƙafa, ban da tsakanin yatsu. In da hali a sa safa a kwana da ita. A riƙa shafa man kullum, gogewar kuwa sau biyu ko uku a mako ta isa. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse.

Akwai abubuwa uku da ya wajaba mu kiyaye. Na farko shi ne reza. Sau da yawa mukan ga mutum ya zauna a inuwa yana fere kanta kamar mai fere kabewa. Da reza ta zarce, an buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, ga ƙafa kullum cikin ƙura da kashin dabbobi, inda ƙwayar cutar sarƙe-haƙora take zaune. Idan kuma rezar ta aro ce, tana iya ɗauko ciwon hanta daga jinin wani. Bayan wannan duka kantar za ta dawo, tun da ba a kawar da abin da ya jawo ta ba.

Na biyu shi ne dutsen da za a yi amfani da shi. Mutanen yankin nan ba za su manta da shekarar 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta hallaka yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Sanadin kuwa shi ne niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, yara suka haɗiyi ƙurar. Saboda haka kada wanda ya kawo dutse daga ramin haƙar zinariya don goge kaushi. A sami dutsen kaushi mai tsabta, kowa da nasa, a wanke shi a shanya bayan an gama.

Na uku ya shafi iyayenmu masu ciwon sukari, da duk wanda kuturta ko wata cuta ta kashe masa jin ƙafa. Irin waɗannan ba sa jin ciwo ko sun yanke, gyambonsu kuma ba ya warkewa da wuri, har yakan kai a yanke yatsa ko ƙafa. Su kada su goge kanta da kansu, kada kuma su manna filastar cire kanta da ake sayarwa a kantin magani, don akwai wani magani mai cin fata a jikinta. Aikinmu mu 'ya'yansu shi ne mu riƙa duba musu ƙafa kullum. Da mun ga kumburi, ko ruwa, ko wari, ko wurin ya yi baƙi, sai asibiti ba tare da jinkiri ba.

Rigakafi ya fi magani, rigakafin kanta kuwa yana ga takalmi. Ɗalibi yana girma, ƙafarsa ma tana girma, takalmin bara ba lalle ya yi masa bana ba. A sayi takalmi da yamma, don a lokacin ƙafa takan ɗan kumbura. A gwada ƙafa biyu a tsaye, a bar fili kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan da ya fi tsawo da bakin takalmin. A sa safa mai tsabta, a yanke farce, a kai wa baduku duk takalmin da ƙusa ko ɗinkinsa yake sukar ƙafa.

'Yan'uwana ɗalibai, in mun je hutu mu kai wannan darasi gida. Duk wanda muka gani ya ɗauko reza zai fere ƙafarsa, mu roƙe shi cikin ladabi ya ajiye, mu ɗumama masa ruwa, sa'an nan mu duba takalminsa.