Yadda ake nemo tsoffin hotunan ƙasar Maradi a intanet

A 1945 Gulbin Maradi ya cika ya batse, ya ci tsohon garin da ke cikin fadama. Hukuma ta tashi mutane ta mai da su bisa tudu, inda unguwanni irin su Sabon Gari suka tsiro daga baya. Matashin da aka haifa a Sabon Gari bai san wancan gari ba sai a bakin kakarsa. Amma hotuna, taswirori da kayan hannu da Turawa suka tara a wannan ƙasa suna ajiye a Faransa, kuma an ɗora wani kaso nasu a intanet, kyauta. Waya mai kyau ta isa, in an bi abin daki-daki.

Aikin farko na takarda da biro ne. Mai bincike ya jera sunayen da yake nema da irin rubutun Faransawa, domin da shi aka yi rajistar kayan: Haoussa a madadin Hausa, Gober a madadin Gobir, Tessaoua a madadin Tasawa, Goulbi a madadin Gulbi. Jiratawa kuma ya gwada ta da Dj a farko da kuma J kaɗai. Nan ne mutane da yawa ke karaya, su rubuta suna sau ɗaya, su ga babu komai, su ce ai ba a ajiye ba. Ya kuma tuna cewa a farkon mulkin Faransa daga Tasawa ake juya Maradi, kuma Zinder ce hedikwatar Nijar har 1926, don haka hoto na iya ɓuya ƙarƙashin waɗannan sunaye. Tibiri ma biyu ce: ta Gobir, da wata a jihar Dosso.

Daga nan sai Gallica, taskar babban ɗakin karatu na Faransa, wadda aka buɗe a 1997. A shafin bincike mai zurfi ana iya zaɓar hotuna kaɗai ko taswirori kaɗai. Sunan da ya fi dacewa a fara da shi shi ne Tilho, jagoran tawagar da ta shata iyakar Nijar da Najeriya tsakanin 1906 da 1909. A cikin littattafan tawagar, tafintansu Landeroin ya rubuta tarihin sarautun wannan yanki kamar yadda ya ji a bakin mutanen ƙasar. Littattafan na da nauyi, gara a sauke shafukan da ake buƙata kawai, kada kuɗin intanet ya ƙare a banza.

Na uku, ma'ajiyar takardun mulkin mallaka da ke Aix-en-Provence tana da rumbun hotuna mai suna Ulysse, mai ɗauke da hotuna, katunan gidan waya da taswirori.

Mai neman kayan fasaha kuwa, wato riguna masu aiki, ƙwarya mai zane, fata ko tukwane irin waɗanda aka san Jiratawa da su, ya nufi kundin gidan tarihi na Quai Branly da ke Paris. An buɗe gidan a 2006, kuma rahoton masana Sarr da Savoy na 2018 ya ce yana riƙe da kayan Afirka ta kudu da Sahara kimanin 70,000. Kowane abu na da lamba, kuma lambar na magana. In ta fara da 71, kayan ya fito ne daga gidan tarihi na Musée de l'Homme. Adadi huɗun da ke biye su ne shekarar da ya shiga ajiya. Ya karanta sunan wanda ya kawo kayan, sa'annan ya nemi sunan shi kaɗai, domin wanda ya kwashi abu ɗaya a wuri da wuya ya tsaya a nan.

Don shekarun bayan ƴancin kai, cibiyar bincike ta IRD tana da rumbun hotuna da na littattafai. A can ake samun littafin Emmanuel Grégoire na 1986 a kan alhazan Maradi, wanda ya bi yadda garin ya bunƙasa da cinikin gyaɗa da fatauci da Najeriya.

Duk abin da aka samu, a sauke shi ta maɓallin shafin, a rubuta lambarsa, shekararsa da gidan da ke ajiye da shi. Hoton da aka tura a WhatsApp ba tare da wannan bayani ba, cikin sati guda sai ka ji ana cewa Kano ne ko Agadez.

Matakin ƙarshe shi ne mafi daraja, kuma ba ya jira. Sau da yawa bayanin da ke ƙarƙashin hoton bai wuce "wani basarake" ko "mata a kasuwa" ba. A buga hoton a takarda babba, a kai wa dattawan fadar Maradi ko ta Tibiri, a zauna a ce: "Baba, ko ka gane wurin nan?" Wani zai gane ƙofa, wani naɗin rawani, wata tsohuwa ta gane kitso. Waɗanda suka ga tsohon gari da idonsu sun haura shekara 80 yanzu. A je musu da hotunan tun bana, a rubuta abin da suka faɗa.