Darasi: Mu San Ƙwarin da Ke Cin Tsamiya

Jama'a, idan kun sayi tsamiya a kasuwar Tarauni ko a Gyaɗi-Gyaɗi, ku ɓare ku duba ƙwallon. In kun ga ɗan rami, to ƙwaro ya shiga. Ƙwarin nan iri biyu ne.

Na farko ƙarami ne, ja-ja, mai dogon baki kamar tsinke. Da bakin nan macen take huda ƙwallo ta sa ƙwai.

Na biyu ya fi girma. Ba shi da dogon baki, amma cinyoyinsa na baya masu kauri ne. Yana hayayyafa cikin tsamiya da kalgo. Shi ne mugun, domin daga nan yake komawa kan gyaɗar ajiya, ko da tana cikin kwanso.

Abin yi:
1. Kada a ajiye tsamiya kusa da gyaɗa.
2. A shanya sosai a rana kafin ajiya.
3. A zuba a mazubin da iska ba ta shiga.

Tambaya: Wane ƙwaro ne ke cin gyaɗa? Yaya za ka gane shi?