Darasi na Tara: Kalmar Ƙanƙara da Fassarar Binciken Kimiyya

9.1 Gabatarwa

Wannan darasi zai dubi yadda kalma guda ta Hausa kan ɗauki ma'anonin da masana kimiyya suka rarrabe, da kuma abin da ya hau kan malami idan ya zo koyar da su. An ɗauko misali daga binciken da ake yi kan ƙanƙarar da ke rufe tekunan ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya.

Yaron da ya tashi a Unguwar Gano ko Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ya san ƙanƙara iri biyu: ta leda, wadda ake rububinta da bazara da lokacin azumi, sai wadda kan zubo tare da ruwan sama ta huda ganyen shuka. Dusar ƙanƙara kuwa a talabijin yake ganinta. Kalma ɗaya ta ishe shi, domin rayuwarsa ba ta buƙaci fiye da haka ba. A aji ne kalmar ke gazawa.

9.2 Abin da Bincike ya Gano

Ruwan teku, saboda gishirinsa, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 1.8 ƙasa da sifiri. Idan ya daskare, sai ya zama shimfiɗa mai yawo a saman Tekun Atik da kewayen nahiyar Antaktika. Tsakanin 1893 da 1896 jirgin Fram, na ayarin Fridtjof Nansen mutumin ƙasar Norwe, ya maƙale cikinta da gangan, ta yi ta tafiya da shi, aka tabbatar cewa ba a tsaye take ba. Jirgin Jamus mai suna Polarstern ya maimaita irin wannan tafiya daga 2019 zuwa 2020.

Tun 1979 taurarin ɗan'adam ke auna faɗinta. A Tekun Atik takan ƙaru da hunturu, ta ragu da zafi, ta kai ƙarshen raguwarta a watan Satumba. Faɗin na Satumba ya ragu da kimanin kashi 12 cikin ɗari a kowace shekara goma, kuma a 2012 ya sauka zuwa murabba'in kilomita miliyan 3.4, wato bai kai Nijeriya huɗu ba. Farar ƙanƙara tana mayar da yawancin hasken rana sama, buɗaɗɗen teku kuwa shanye shi yake yi. Saboda haka duk inda ta narke ruwan ya ƙara ɗumi, ɗumin ya narkar da ta kusa.

9.3 Inda Fassara ke Tuntuɓe

Sau da yawa akan ji an fassara irin wannan labari da cewa ƙanƙara ta narke, teku zai cika. Jimlar ta haɗa abubuwa biyu da ba su haɗu ba. Wadda ruwan teku ya daskare ya zama, dama a kan ruwa take, narkewarta kusan ba ta ƙara wa teku komai. Wadda ke ƙara masa ita ce wadda dusa ta taru ta zama a kan ƙasa, kamar ta tsibirin Girinlan, wadda da za ta narke gaba ɗaya da teku ya ɗaga wajen mita 7. Kuma ba mazauna gaɓa kaɗai abin ya shafa ba: wani bincike na Dimitri Defrance da abokan aikinsa a 2017 ya nuna cewa saurin narkewar ta Girinlan na iya rage ruwan damina a yankin Sahel, inda ake noman gero da dawa.

Hanya mafi sauƙi ita ce harɗa suna da suna: ƙanƙarar teku da ƙanƙarar tudu. Sai dai mahaɗin -r yana da harshen damo. Ƙanƙarar teku na iya nufin wadda aka samu a teku, ko wadda ta samu daga teku. Bambancin ya fito fili a tsaunin ƙanƙara, irin wanda ya nutsar da jirgin Titanic a 1912: a teku yake yawo, amma daga tudu ya ɓalle, kuma ruwansa ba na gishiri ba ne. Wajibi ne malami ya shaida wa ɗalibai cewa asali ake nufi da kalmar, ba mazauni ba. Aro kalmar Turanci ba ya warware komai a nan, ɓoye matsalar kawai yake yi.

9.4 Jinga

Ɗalibi ya sayi ƙanƙarar leda ya raba biyu. Ya jefa rabi cikin kofin ruwa ya yi alama a inda ruwan ya tsaya. Ɗaya rabin ya ɗora a rariya bisa wani kofin mai alama. Bayan sun narke, ya rubuta sakin layi guda da daidaitacciyar Hausa kan abin da ya gani, yana amfani da kalmomin biyu. Sannan ya kawo kalmomi uku masu mahaɗin -n ko -r waɗanda ke da irin wannan harshen damo.