Ma'aunin Nauyin Iska

Iskar nan da mu ke shaƙa tana da nauyi. A 1643 wani masani na Italiya, Toriceli, ya cika bututun gilashi da zaiba, ya kife bakinsa cikin kwanon zaiba. Ta tsaya wajen inci 30, don iska na danne ta kwano. In nauyin iska ya ragu sai ta sauka, watau hadari na tafe.

Daga baya gwanayen Italiya, na wajen tafkin Komo, suka ƙaura Ingila, suna sassaƙa masa gidan katako mai ado, da fuska kamar agogo. Attajirai suka riƙa ratayewa don ƙawa. Amma matuƙin jirgin ruwa ba ruwansa da ado. Saukar zaiba ya ke dubawa, ya naɗe filafilai tun guguwa ba ta riske shi ba.